Rizista kaɗai ba ta gadin wutar na'urar gano hayaƙi

Wasu masu aikin lantarki a Agege da Idi-Araba a Legas suna ɗauka cewa rizista, wato 'yar na'urar rage gudun wuta da ake sanyawa a ƙarshen layi don akwatin sarrafawa ya gane layin bai tsinke ba, ta wadatar wajen sa ido kan na'urorin gano hayaƙi. A na'ura mai waya biyu hakan daidai ne, amma mai waya huɗu tana da wayoyi biyu na saƙo da biyu na wuta, bolt 12 ko 24, kuma rizistar layin saƙo kawai take gadi.

Idan wayar wuta ta tsinke a cikin silin, ko ɓera ya gwaguye ta, na'urorin da ke bayan wurin za su mutu, alhali akwatin sarrafawa yana nuna lafiya lau.

Shi ya sa ake haɗa rile, wato makunni mai aiki da maganaɗisu, bayan na'urar ƙarshe. Muddin wuta tana isa gare shi, maganaɗisunsa yana riƙe da mahaɗinsa a rufe, a jere da rizistar. Da zarar wutar ta yanke sai mahaɗin ya buɗe, akwatin ya daina ganin rizistar, ya kunna alamar matsala, ba ƙararrawar gobara ba. Wanda ya maƙala rilen cikin akwatin don gudun hawa tsani ya yi aikin banza, domin wutar bakin akwatin kawai yake gadi.