Wanga ɗan wa na?

To, an yi biki an watse. Masu ɗaukar bidiyo sun ɗauka, masu turawa sun tura, ni kaɗai sau bakwai aka turo min shi daga daren Asabar zuwa yau, wai in ga yadda ake shagali a Birnin Shehu. Don Allah ku daina. Ina wurin. Waccan tsohuwar farar motar da kuke hangowa a gefen hoton, wadda ta maƙale tsakanin Napep biyu da kurar mai ruwa a wajen Gawon Nama, tawa ce. Minti 40 muka yi a tsaye cikin ranar nan ta Sakkwato da kuka sani, wadda ko ƙadangare ba ya yarda ya tsallaka kwalta a cikinta, don kawai wani yaro ya yi aure yana so duniya ta shaida yana da kuɗi.

Na shaida. Bai burge ni ba.

Kuma ba ni kaɗai ba. Inna tana kujerar baya, daga asibiti muke, an gwada mata jini an ce ta rage gishiri ta rage tunani. Ta leƙa ta taga ta ga baƙaƙen motoci sun jeru, gilasai a rufe baƙi ƙirin, jiniya na kuka kamar gwamna ne zai wuce, wani ya zuro rabin jikinsa ta saman mota yana watsa 'yan ɗari biyar-biyar, yara na kutsawa ƙarƙashin tayoyi suna wawa. Ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Wanga ɗan wa na?" Na ce ban sani ba, Inna. Ta ce, "To mi shika yi?" Na ce shi ma ban sani ba. Ta ce, "Awo," ta koma kan carbinta. Shi ke nan. Duk miliyoyin da aka ƙona a titi ranar nan, abin da suka iya saya a wurin tsohuwa mai shekara 70 da ɗoriya ke nan: awo.

Ango, ranka ya daɗe, mai jiniya ba gwamna ba, ina fata labari ya iso maka. Wani ɗan kabu-kabu da ke gefena ma ya yi maka tafsiri kyauta. Ya share zufa da hannun riga ya ce min, "Malam, waɗanga motoci ba na garin ga ba na, gobe da sahe kana ganinsu bisa hanyar Gusau." Ko gaskiya ya faɗa ko sharri ya yi maka, wannan tsakaninku ne, ni ban bi sawu ba. Abin da ya ba ni dariya shi ne mutumin da aka tare wa hanya don a burge shi, tun kafin motocin su wuce ya riga ya yanke hukuncin na haya ne. Kayan aro ba ya rufe katara, in ma ba aro ba ne, to ga shi an ɗauke shi a aro. Riba ke nan?

Kun ɓata gari ne, wallahi. Da wani wuri kuka kai wannan wasan, wataƙila a tafa. Amma Sakkwato? Garin da ake tasowa daga Nijar da lungunan Arewa a zo Hubbare ziyara, a cire takalmi tun daga ƙofa, a sassauta murya, saboda mutumin da ya rasu tun 1817? Je ka tambayi masu ziyarar doki nawa Shehu ya bari, ko rigarsa nawa ce. Babu wanda ya zo don wannan. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ya gina birnin nan, yana kwance a Wurno, kuma abin da malaman tarihi suka fi maimaitawa a kansa shi ne yana cin gumin hannunsa ga baitulmali a ƙarƙashinsa. Malam Abdullahi na Gwandu kuwa, wajen 1807, ana tsakiyar jihadi, da ya ga idon mutane ya fara komawa kan riguna da dawaki da ganima, sai ya juya baya ya nufi gabas, sai da mutanen Kano suka riƙe shi ya zauna yana karantar da su kafin ya dawo. Wannan cutar ta nuna isa, tun lokacin an gane ta, an kuma faɗi sunanta. Ku ne dai kuke ganin sabuwa ce don kun sa mata waƙa a TikTok.

Kada wani ya ce min ai su waliyyai ne. To bar waliyyai. Sardauna fa? Duk cikinku babu wanda ya kama ƙafarsa a ado. Rawani, alkyabba, babbar riga mai aiki, in ya fito kowa ya san Gamji ya fito. Amma tsofaffin da suka gan shi, in suka tashi ba ka labarinsa, ba sa daɗewa a kan rigar, sai su koma kan wanda ya tuɓe wa ita ya bai wa. Da aka kashe shi a 1966 ba a ji magada na shari'a kan manyan gidaje ba. Shagari ya mulki ƙasar nan daga 1979 zuwa 1983, ya dawo gida ya zauna cikinmu har Allah ya karɓi abinsa a 2018, wa ya taɓa jin an rufe titi don ya sayi sabuwar mota? Mutanen da idonsu ya ga waɗannan ne za ka tsaya a gabansu kana kaɗa makullin Prado?

Tambayar Inna, kada ku yi mata mummunar fahimta. Ba asali take tono ba, ita kanta 'yar masu jima ce, a cikin warin fata ta tashi. In Basakkwace ya ce ɗan wa na, nufinsa a ina zan ajiye ka, wa zai tsaya maka, wace ƙofa ce in an ƙwanƙwasa za a ce e, namu ne. In ya ce mi shika yi, yana neman hanyar da kuɗin suka biyo ne. Mun san kuɗin albasa, mun san na fata da ƙirgi, mun san na shanun Kara, mun san na masu kai kaya Illela su tsallaka Ƙonni. Duk waɗannan kuɗi ne masu adireshi. Naka kuwa jiya kana cin bashin kati a shagon unguwa, yau ka fito da masu rakiya da bindiga, kuma kana so mu yi tafi ba mu yi tambaya ba.

Akwai ta uku da Inna ba ta yi ba, don amsar biyun farko ta ishe ta: wa ke ci a ƙofar gidansa?

Nan ne abin ke min ciwo, ba da wasa ba yanzu. Na tashi a unguwar da akwai wani attajiri, Allah ya jiƙansa, ba zan faɗi sunansa ba don iyalinsa na nan. Gidan ƙasa ne, daga baya aka yi masa shafen siminti. Abin da gidan ke da shi zaure ne, babba, mai sanyi, ba a rufe shi sai dare ya raba. Bayan magariba ana fito da akussa, babu mai tambayarka wa ya gayyace ka. Baƙon da mota ta sauke da dare, ɗalibin da ya zo karatu daga ƙauye, maƙwabcin da gidansa ba a ɗora tukunya ba yana jin kunyar faɗa, duk a nan suke haɗuwa, a ci, a sha fura, a watse kamar hira ce ta tara su. Shi kansa mai gidan, in ba an nuna maka ba, ba za ka ware shi daga masu ci ba. Ranar da ya rasu sai da aka rasa wurin tsayawa a makabarta. Ban taɓa sanin irin agogon da yake ɗaurawa ba. Ban ma san ko yana ɗaurawa ba.

Yanzu je ka zaga sababbin unguwanni, wajen Bado da Arkilla da bakin baifas. Katanga kamar ta gidan yari, waya mai lantarki a sama, ƙofar ƙarfe, mai gadi, wani har da kare. An kashe abin da zai gina makaranta a kan tayil da fitilu, amma an manta da zaure. Ba mantuwa ba ce ma, da gangan ne. An gina gidan don a gani daga nesa, an kuma gina shi don kada a matso. To mu ma daga nesan muke kallo, mu ce awo, mu wuce.

Na san abin da za ku rubuto a ƙasa, na haddace. "Hassada ce." Madalla, hassada ga mai rabo taki, sai ku kwashe ku kai gona. "Kuɗinsa ne, ya yi yadda ya so." Kuɗinsa ne, titin kuwa namu ne, kuma ƙafar yaron da Napep ta kusa takawa garin tsintar ɗari biyar ba tasa ba ce. Takardar nairar ma da yake watsawa akwai doka a kanta: dokar Babban Banki ta 2007 ta sa liƙi da tattaka naira cikin laifi, ɗaurin aƙalla wata 6 ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, kuma a 2024 mun ga an ɗaure mutum a Legas a kan haka. Sai masu cewa ai Allah yana son ya ga alamar ni'imarsa a jikin bawansa. Gaskiya ne, sa riga mai kyau, hau mota mai lafiya, wa ya hana ka? Amma tunda malanta ta motsa, a ƙarasa karatun mana: a Suratul Ƙasas akwai wani da ya fito wa mutanensa cikin adonsa, masu son duniya suka ce ina ma mu ne. Ku buɗe ku ga inda ya kwana.

Kuma a wane gari ake wannan? A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton talauci, jihar nan ce ta zo kan gaba a duk Nijeriya, kusan mutum 91 cikin 100. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kwanon gero ya koma. Mutanen Isa da Sabon Birni da Rabah da 'yan bindiga suka koro suna nan cikin birni, a kangaye da gidajen da ba a gama ba, matansu na bin layi da la'asar. Wasu cikin yaran da suka yi wawar kuɗin nan nasu ne. Kai ka ɗauka sha'awarka suke yi? Yunwa suke ji. Da buhun dusa aka watsa ma haka za su yi rububi. Ban da wannan, a zamanin da ake sace mutum saboda an ga ya sai da shanu biyu, kai kana tallata kanka a bidiyo da lambar mota da fuskar iyalinka. Tsuntsun da ya ja ruwa, kun san sauran.

Ba ango kaɗai ba, kada ya ga kamar na sa shi gaba. Akwai mai ajiye iPhone a kife kan tabarma wurin zaman makoki don a ƙirga idanun kyamarar. Akwai mai zuwa Umra ya juya wa Ka'aba baya ya ɗau hoto sau talatin, ya dawo bai biya tela ba. Akwai lefe akwati 24 da ake zagawa da shi unguwa a buɗaɗɗiyar mota, bayan wata shida a ji ana rigima kan kuɗin cefane. Akwai wanda bara Alhaji ne, bana ya zama Alhaji Dakta, baɗi za a ƙara masa sarautar wani ƙauye da bai taɓa kwana a cikinsa ba. Duk layi ɗaya ne, duk amsa ɗaya suke samu: a gaishe ku a fuska, a karɓi abin da kuka miƙo, kuna juya baya a tambayi na kusa, wai mi shika yi?

Wanda nake tausayi shi ne ƙanena da ire-irensa, masu shekara 20 da 'yan kai, da suka kwana suna maimaita bidiyon nan. Ya gama karatu, yana koyon gyaran sola, hannunsa duk kanta, kuma na ga yadda jikinsa ya yi sanyi. Na ce masa, kai, in aka tambayi Inna mi kaka yi, tana da amsa, har da ƙari. Ya yi dariya, amma ban tabbata ya yarda ba, kuma wannan ne ya hana ni barci har na zauna rubuta wannan dogon surutu.

Af, tunda na ambaci sababbin gidaje. Wai me dogon yaro ya yi muku ne? Duk wanda ya sayi fili, aikinsa na farko ya sare bishiyar da ya tarar, ya malale ƙofar gida da intalok, sannan watan Afrilu ya zo zafi ya haura 40 ya kunna janareta ya hana maƙwabta barci. A layinmu guda huɗu aka sare cikin shekara biyu, har da wadda mai shayi ke zama ƙarƙashinta tun ina firamare, yanzu ya koma rakuɓe jikin katanga da laima yagaggiya. Ina neman dashe kamar goma kafin ruwa ya sauka, dogon yaro ko mangwaro, in akwai wanda ya san inda ake samu da sauƙi ya yi min magana ta akwatin saƙo. Wanda kuma ya ari abin ba taya iska na tun kafin azumi, ya san kansa.