Ni da Butata a Kan Duwatsun Bask

A ofishin matafiya da ke Saint-Jean-Pied-de-Port, can kudancin Faransa, akwai sikeli. Nan ake karɓar ɗan littafin da za a riƙa buga wa hatimi a kowane masauki har Santiago de Compostela, birnin da ke arewa maso yammacin Sifaniya inda tafiyar take ƙarewa, kuma kafin mutum ya fita sai ya ɗora jakarsa ya gani. Dattijuwar da ke wurin ta tambayi nauyina, na ce kilo 70. Ta ce to jakar kada ta wuce kilo 7, kashi ɗaya cikin goma na nauyin mai ita. Tawa ta buga 15.

Ba laifina ba ne ni kaɗai. Da na gaya wa Hajiya ta waya cewa zan bi tsohuwar hanyar da Kiristoci ke bi da ƙafa zuwa kabarin Yakubu, ɗaya daga cikin almajiran Annabi Isa, kuma yanzu mutane da yawa don motsa jiki da buɗe ido suke bin ta, sai ta yi shiru, sannan ta ce, "Kai ɗan nan, wa ya aike ka? To dai ka tafi da guzuri." Shi ne na zuba garin rogo kilo biyu, ƙuli-ƙuli, yaji, kaftani biyu, bargo, da darduma mai kauri. Kowa ya rataya ɓawon kifin teku a bayan jakarsa, alamar matafiyan hanyar ke nan. Ni na rataya buta.

Zangon farko kilomita 25 ne kusan, a tsallake duwatsun Pyrenees zuwa Roncesvalles a Sifaniya. Garin da ake tashi bai kai mita 200 daga matakin teku ba, ƙololuwar Lepoeder kuwa ta haura mita 1,400. Ana ce da wannan hanyar ta Napoleon, kuma ana rufe ta daga 1 ga Nuwamba zuwa ƙarshen Maris saboda dusar ƙanƙara, a koma ta Valcarlos. Abin da taswira ba ta nuna wa mutum shi ne kilomita takwas na farko, zuwa Orisson, su ne mugun hawa. Kwalta ce mai kyau, gidaje farare masu jajayen tagogi, shanu suna kiwo, amma hanyar a tsaye take kamar tsani. Wata tsohuwa da ta haifi uwata ta wuce ni da sandunanta biyu, ta ce "Buen camino," wato a sauka lafiya, ko nishi ba ta yi. Na so in amsa, numfashin ne babu.

Kuskure na biyu yana ƙafata. Takalmin sabo ne fil, kwana biyu kafin ranar na saye shi, daidai ƙafa cif. Ƙafa kuwa kumbura take yi in ta sha tafiya, shi ya sa masu sani ke sayen wanda ya ɗara da lamba ɗaya, su yi makonni suna yawo da shi kafin ranar. Na haɗa da safar auduga, wadda ke shan gumi ta riƙe. Danshi da goga su ke haifar da bororo. Tun wurin yana ɗan zafi-zafi ake tsayawa a shafa basilin ko a manna filasta. Ni na ce ai namiji ne.

A Orisson wata 'yar Koriya ta nuna butar ta tambaya ko shayi nake sayarwa.

Daga nan bishiyoyi suka ƙare, sai ciyawa da iska da tumaki masu ƙararrawa a wuya, waɗanda da nononsu ake yin cukun yankin. Akwai kuma gajerun dawaki da ke yawo sake babu mai tsaronsu. Na kwanta a gefen hanya in huta, na buɗe ido na ga manyan ungulaye suna shawagi a kaina. Ban jira sun gama shawara ba na miƙe.

Wajen azahar hazo ya sauko, irin wanda mutum ba ya ganin taku goma a gabansa. A ɓangaren Faransa alamar hanya fenti ne, layi fari da layi ja, a jikin dutse ko turke. Bayan an bar kwalta a wajen gicciyen Thibault, waɗannan alamu ne idon matafiyi. Na hango wani farin dutse da jan fenti, na nufe shi. Na hango wani a gaba, na bi. Na uku ina isowa ya tashi tsaye ya ce "mee." Ashe makiyayan Bask, mutanen wannan yanki, fenti suke shafa wa tumakinsu a baya don kowa ya gane nasa. Minti ashirin na yi ina bin garke zuwa gangare.

Makiyayin ne ya tsince ni, da karensa. Ya dubi butar, ya dube ni, bai ce uffan ba, ya juya ni ta kafaɗa kamar yadda ake juya rago, ya raka ni har turken gaskiya. Kalma ɗaya na sani a yarensu, "Eskerrik asko," wato na gode, na faɗe ta sau huɗu. Ƙa'idar hazo ita ce in ka yi ɗan nisa ba ka ga alama ba, ka koma ta ƙarshe da ka tabbatar da ita. Lambar agaji 112 ce, kuma akwai ɗakin fakewa a Izandorre kafin ƙololuwa.

A maɓuɓɓugar Roland, daf da iyaka, buta ta fanshi kanta. Na yi alwala da ruwan da ya kusa cire mini haƙora, na yi salla, na cika gora. Bayan Orisson wuraren samun ruwa ba su da yawa, don haka lita ɗaya da rabi ita ce mafi ƙarancin abin da za a ɗauka. Wannan Roland ɗin shi ne jarumin sarki Charlemagne da mutanen Bask suka yi wa kwanton ɓauna a waɗannan duwatsu a shekarar 778. Da jaka irin tawa yake ɗauke da ita, da ba sai sun wahalar da kansu ba.

A Lepoeder hanya ta rabu biyu. Ta dama tana zagayawa ta Ibañeta, ta ɗan fi tsawo amma a hankali take sauka. Ɗayar ta miƙe cikin kurmi, saukar kusan mita 500 cikin abin da bai kai kilomita huɗu ba. A ofis an ja mana kunne cewa in an yi ruwa a bi ta dama. An yi ruwa. Na bi ta kurmi, don na ji an ce ta fi kusa.

Sauka ta fi hawa cin mutum. Kowane taku yatsu na dukan gaban takalmi, abin da ke baƙanta farce ke nan, maganinsa a yanke farce tun a gida, a kuma tsuke igiya a wuyan ƙafa kafin a fara gangara. Ga laka a ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye, ga kilo 15 na tura ni ta baya, ga ba sanda. Sau uku na zauna ba da niyya ba. A na ukun na tafi da mazaunai kamar mita biyar, buta na kaɗa mini ganga.

Masu ƙarfi kan yi zangon cikin awa bakwai ko takwas. Na tashi bakwai na safe, na isa shida da rabi na yamma. Aka buga mini hatimi, na ajiye takalmi a ɗakin takalma, na buɗe jaka. Ban sa leda a ciki ba, ledar garin kuma ta fashe a ɗaya daga cikin faɗuwar. Ruwan sama ya shiga, garin rogo ya yi abin da ya saba yi in ya ga ruwa. Kaftani biyu da bargo sun zama teba guda.

Akwai tebur a masaukin inda matafiya ke barin kayan da suka gane ba sa bukata. Na ajiye bargo bayan na kankare shi, na ajiye ƙuli-ƙuli, wani Bajamushe ya ɗauki ɗaya ya gwada da haƙori, ya mayar cikin ladabi. Da safe na ɗingisa zuwa bakin hanya, buta na reto a baya, na tsaya gaban allon da kowa ke ɗaukar hoto da shi. An rubuta Santiago de Compostela, 790, wato kilomitocin da suka rage. Waya ta yi ƙara, Hajiya ce. "To, kun isa?"