Kwamin jan ƙarfe da hannunmu mai son ƙyalli

A gidajenmu, tukunyar da ba ta ƙyalli ba ta wanku ba. Haka muka taso muka tarar: toka da soson ƙarfe, wani lokaci har da yashi, a yi ta dirza sai bayan tukunya ya ɗauki ido. Ina ganin wannan tarbiyyar ce ta sa kwamin wanke-wanke na jan ƙarfe yake ba mutanenmu da ke nan Amurka ciwon kai fiye da yadda yake ba maƙwabtansu.

A nan San Antonio ta jihar Texas ba abin mamaki ba ne ka shiga kicin ka tarar da shi. Da yawansu daga Meziko ake kawowa, daga wani gari da ake kira Santa Clara del Cobre a jihar Michoacán, yankin da 'yan ƙabilar Purépecha ke ƙirar jan ƙarfe tun kafin zuwan Sifaniyawa. Da guduma ake buga shi da hannu, shi ya sa jikinsa duk 'yan loɓa-loɓa ne. Ƙarfen da suke aiki da shi kuwa yawanci tsofaffin wayoyin lantarki ne da ake narkarwa, wato irin waɗanda 'yan jari-bola ke aunawa a kilo a Kano.

Sabon jan ƙarfe ja ne mai haske. Da ya sha iska da ruwa sai ya fara duhu, har ya koma ruwan ƙasa. Mu sai mu ce dauɗa ce. Ba ita ba ce, kuma ba irin tsatsar baƙin ƙarfe ba ce da ke ci har ta huda. Wani siririn rufi ne da ƙarfen ke yi wa kansa, yana kare abin da ke ƙarƙashi. Mutum-mutumin 'yanci na birnin New York, wanda aka ƙaddamar a 1886, da jan ƙarfe aka lulluɓe shi. Korensa da kowa ya sani iskar teku ce da ruwan sama suka yi, an kuma bar shi haka da gangan. Mai gida a nan wannan duhun ya biya kuɗi ya saya. Idan baƙuwa daga gida ta tashi da asuba, cikin kirki, ta dirje masa shi tas da soson ƙarfe, ɓarna ta yi masa, ga kuma ƙarce da ba zai goge ba.

Kulawar da yake so ba ta da yawa, hana hannu ne ke da wuya. Sabulun wanke-wanke mai sauƙi, ruwan ɗumi, soso mai laushi. Babu bilic, babu hodar goge-goge, babu maganin buɗe bututu mai ƙarfi. In an gama a tsane shi da tsumma. Wannan tsanewar a garinmu dole ce, domin ruwan San Antonio ta cikin duwatsun farar ƙasa yake fitowa, yana barin farin tabo duk inda ya bushe. Inda ruwa ya daɗe a kwance, kamar gindin famfo ko ƙarƙashin kwalbar sabulu, sai ka ga kore-kore ya fito, amma sabulu da tsumma na ɗauke shi. Masu son launin ya tsaya wuri ɗaya sukan shafa masa kakin zuma jefi-jefi.

Babbar rigimar tana wajen abincinmu. Duk abu mai tsami yana cinye duhun nan, ya bar jan tabo mai haske. To, duba abin da ke bi ta kwamin Bahaushiya a rana guda: markaɗen tumatir, ruwan tsamiya na kunu, zoɓo, yakuwa, lemun tsami na wanke kifi da kaza. A bar ɓawon lemun tsami ya kwana a ciki, da safe sai a ga hotonsa. Tabon ba ya dawwama, cikin kwanaki ko 'yan makonni zai sake duhu da kansa, amma wa zai iya zura masa ido har tsawon haka? Ɗauraye nan take shi ne magani, mu kuma mun saba jiƙa tukunyar tuwo a bar ta ta kwana.

Masu talla sukan ce yana kashe ƙwayoyin cuta. Da gaskiyarsu: a 2008 hukumar kare muhalli ta Amurka ta amince cewa jan ƙarfe na kashe wasu ƙwayoyin bakteriya cikin awa biyu. Abin da ba sa ƙarasawa shi ne sai ƙwayar ta taɓa ƙarfen kansa. In an shafe shi da kaki ko fenti mai sheƙi, wannan amfanin ya ragu, kuma bai ɗauke wa kowa wanke kwami bayan gyaran ɗanyar kaza ba.

Don haka idan ɗan'uwa mai gini a Kano ko Maraɗi ya turo min hotonsa yana tambaya, amsata ɗaya ce. Kicin ɗin da ake girka wa mutum goma abinci, yara na wanke-wanke, a sa masa na silba, wanda ke jure dirza. Jan ƙarfen a kai shi banɗakin baƙi, inda ba abin da zai gani sai ruwan alwala da sabulun hannu. Ko a nan ɗin ma a gaya wa yara su riƙa ɗauraye man goge baki idan ya ɗiga, don shi ma yana barin tabo.