"A Zamanin Baba Ba Haka Ake Yi Ba"

'Yan'uwa cikin Almasihu, tun ranar Lahadi abin nan yake cin raina, gara in faɗa ko na samu barci.

An tashi sujada, muna tsaye a bakin ƙofa ni da wani ɗan'uwa da muke ƙungiyar mawaƙa tare. Ya ce mini, "Yaya ka ji wa'azin yau?" Ni kuwa da bakina mara linzami na ce, "Wa'azi? Ai wa'azi ya tafi da Baba. Wannan karatu kawai yake yi mana." Muka kwashe da dariya. Ina juyowa sai ga 'yar sabon faston namu a bayana, yarinyar da ba ta wuce shekara 10 ba, ta rungume Littafi Mai Tsarki na babanta a ƙirji, tana jira ya gama gaisawa da mutane. Ta ji komai. Ta ɗago ta dube ni, sannan ta rusuna ta ce, "Baba, ina wuni." Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige. Na ce, "Lafiya lau, 'yata," muryata ma ba ta fita sosai ba.

Wata 3 ke nan da Baba Fasto ya yi ritaya. Kusan shekara 30 yana kiwon mu. Shi ya yi mini baftisma, shi ya ɗaura mini aure, shi ya tsaya a bakin kabarin mahaifiyata ya riƙe ni da na kasa tsayuwa. Don haka kada wani ya ce ban san zafin rabuwa ba. Dattawan Afisa ma da Bulus ya yi ban kwana da su a Militus, kuka suka yi sosai, suka rungume shi, har bakin jirgi suka raka shi, alhali shekara 3 kawai ya yi a cikinsu. Kewa ba zunubi ba ce. Amma mu mun mai da kewar nan bulala, muna zane sabon fasto, bawan Allah, da ita.

Ya canja lokacin addu'ar tsakiyar mako: "A zamanin Baba ba haka ake yi ba." Ya gajarta wa'azi, an ce bai shirya ba. Ya tsawaita, an ce bai san darajar lokacin mutane ba. Matarsa ta zauna a gaba, an ce iyayi. Ta koma baya, an ce girman kai. Wasu sun riƙe zakkarsu wai "sai mun ga kamun ludayinsa," kamar dai da can Baba suke ba, ba Allah ba. Wasu idan rashin lafiya ta zo ko ɗaurin aure, sai su zagaye su kira Baba a waya, faston da ke gida sai dai ya ji a bakin mutane. Abin da ya fi ba ni takaici su ne masu zuwa gidan Baba da sunan gaisuwa, da an zauna sai, "Baba, ka ji abin da yaron nan ya yi?" Haba! Tsoho ya sauke kaya don ya huta, ku kuma kuna ɗora masa tsegumi.

Kuma bari in faɗi gaskiya ko da za ta yi ɗaci. Wasu daga cikin masu kukan Baba yau, su ne suka hana shi sakat a taron dattawa shekara da shekaru. Muna nan, mun gani. Sai da ya tafi ya zama mara aibu.

Ku tuna Korinti. Bulus ya yi shekara ɗaya da wata 6 a can yana koyarwa, ya tafi. Afolos ya zo, mutumin Iskandariya, gwanin magana. Nan da nan ikilisiya ta dare, wannan ya ce shi na Bulus ne, wancan ya ce shi na Afolos ne. Abin da ke ba ni mamaki, su biyun ba su da rigima. A 1 Korintiyawa 16:12 Bulus da kansa ne ya roƙi Afolos ya koma ya ziyarce su. Shugabanni na zaman lafiya, mabiya na ta faɗa da sunansu. Haka muke yanzu. A ranar sallama, da idonmu muka ga Baba ya ɗora wa faston nan hannu, ya sa masa albarka, ya ce mu riƙe shi amana. Muka ce amin da ƙarfi. To ina amin ɗin ta tafi? Wane irin son Baba ne wannan da ba ya jin maganar Baba?

Musa ya rasu yana da shekara 120, Isra'ilawa suka yi makoki kwana 30 a filayen Mowab, makokin kuma ya ƙare. Littafi bai ɓoye ba, ya ce ba a sake yin annabi kamar Musa a Isra'ila ba. Wato Joshuwa bai kai shi ba, kowa ya sani. Duk da haka da Joshuwan suka haye Urdun. Mu namu Baban ma yana raye, yana cikin ƙoshin lafiya, amma makokinmu ya shiga wata na 3, ba alamar tashi.

Don Allah mu bar mutumin nan ya numfasa. Ya bar inda aka san shi, ya kwaso iyalinsa ya zo cikinmu, har yanzu sunayenmu yake haddacewa. Wa ya taɓa zuwa gidansa ya tambaye shi yaya baƙunta? Wa ya ambaci sunansa a addu'ar safe? Ni dai ban yi ba, sai baki.

Yarinyar nan ban san ko ta gaya wa babanta ba. Ko ta faɗa ko ba ta faɗa ba, gobe da yamma zan je gidansu, a gabanta zan roƙi gafara. Kai ma ɗan'uwana da muka yi dariyar tare, na san za ka karanta wannan. Ka shirya, zan biyo maka mu tafi.