Styx: Inda Araha Ta Yi Rana, Da Inda Ta Ba Da Kunya

A shekarar 2014 wasannin bidiyo biyu na sanɗa suka fito kasuwa, tsakaninsu wata takwas. Na farko shi ne Thief, wanda kamfanin Eidos Montréal na Kanada ya ƙera, da suna tun daga kakansa na 1998, da talla ko'ina, da farashin dala 60. Na biyu Styx: Master of Shadows, aikin wani matsakaicin kamfanin Faransa mai suna Cyanide, wanda aka fi saninsa da wasan tseren keke, Pro Cycling Manager. Kamfanin Focus Home Interactive ne ya fitar da shi a watan Oktoba a kan kwamfuta da PlayStation 4 da Xbox One, a kan dala 30. A ganina mai rabin kuɗin nan ya fi mai tsadar fahimtar abin da masu son wasan sanɗa ke nema. Sai dai yabon gwani ya zama dole ne kawai a inda ya gwanance, kuma Styx yana da tabo iri biyu: wanda talauci ya jawo, da wanda babu ruwan talauci a ciki.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, Styx wani guntun dodo ne kore, irin wanda ake kira goblin, tsawonsa bai wuce ƙugun mutum ba, ga ƙazamin baki, ga halin ɓera. Ya fara bayyana a wasan Of Orcs and Men na 2012, wannan kuwa labarin asalinsa ne. An jefa shi cikin hasumiyar Akenash, wani ƙaton gini da 'yan Adam suka kewaye wata tsohuwar bishiya da shi, bishiyar da ke fitar da wani ƙaro mai launin zinariya da ke ba da ƙarfin tsafi. Burinsa ya kai ga zuciyar bishiyar ya sace. Tsakaninsa da ita akwai dogarai da maharba da barade masu sulke waɗanda wuƙarsa ba ta ko kwarzanarsu.

Cyanide ba su da kuɗin yin komai, sai suka zuba abin da suke da shi a wuri ɗaya: ginin hasumiyar. Nan ne wasan ya ci sunansa. Ka shiga zaure guda, ka ɗaga kai, za ka ga hawa uku ko huɗu a samanka, da azarar rufi, da ƙugiyoyin ƙarfe a jikin bango, da tagogi, da wani ɗan rami a gindin katanga wanda mutum ba zai shige ba amma Styx ya shige. Ƙofar da dogarai biyu ke tsare da ita ana iya wuce ta ta sama, ana iya bi ta ƙarƙashinta, ana iya kashe wutar da ke haska ta a ratsa tsakanin masu gadin suna hira. Ba wanda zai ɗora maka kibiya ya ce bi nan. Thief na wannan shekarar, duk da kyan hotonsa, ba ya barinka ka yi tsalle sai a inda maƙeransa suka ga dama, kuma garinsa a yayyanke yake, kowane lungu da jiran lodi, wato jiran na'ura ta buɗe sashe na gaba. A Akenash kuwa abin da idonka ya hango, galibi ƙafarka za ta iya kaiwa.

Kayan aikin ma an yi musu tunani. Akwai zane a kafaɗar Styx da ke haske idan yana cikin duhu, shi ke gaya maka ba a ganinka, ba sai an cika allo da alamomi ba. Yana ɗauke da ɗan curin yashi da yake jifan fitilun bango da shi daga nesa su mutu. In ya diro daga sama a kan darduma ba a ji, in a kan dutse ne an ji. Bokiti ko tsintsiya da aka jingine a lungu sun isa su tona maka asiri in ka yi garaje ka bangaje su. Kisa ma iri biyu ne: na sauri mai ƙara, da na toshe baki wanda ke ɗaukar daƙiƙu, kana riƙe da madanni kana kallon wani dogarin yana juyowa. Bayan nan gawa ta zama maka kaya, ko ka cusa ta cikin akwati, ko ka jefa ta ƙasa daga bene, ko ka zuba mata ruwan da ke narkar da ita. Mai son mugunta kuma yana iya tofa guba a cikin abincin masu gadi, ko ya kwance sarƙar babbar fitilar rufi ta faɗo musu a ka, a ɗauka tsautsayi ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne ɗan kwafin. Da ƙaron bishiyar, Styx yana amayo wani irinsa, ka koma sarrafa shi, ya ratsa ƙarafan ƙofa ya ja maka sakata, ko ya ɗare wuyan dogari ya riƙe shi har ka iso da wuƙa. Ƙaron kuma ba ya yawa, shi ne dai kake ɓacewa da shi na ɗan lokaci, don haka kullum kana lissafi. Wannan dabarar ba ado ba ce kawai, labarin wasan ma a kanta ya rataya, amma ba zan ɓata wa wanda bai buga ba.

Da yawa daga masu sharhi a lokacin sun yi kuka da faɗan wasan, kuma a nan na raba gari da su. Gaskiya ne faɗan ba daɗi. Da dogari ya cim maka, wasan zai kulle ku fuska da fuska, ba ka da abin yi sai kare sara a daidai lokacin da ya kawo, sau da yawa, kafin ka samu damar soka, alhali abokinsa na gefe yana jifanka da wuƙa. To amma me ake so? Halittar da ba ta kai ƙugun mutum ba ta tsaya ta karkashe sojoji biyar? A Dishonored na kamfanin Arkane, wanda ya fito a 2012, in an gan ka sai ka zare takobi ka gama da kowa, shi ya sa sanɗar can zaɓi ce. A nan dole ce. Akwai ma matakin wahala da ake kira Goblin, inda babu kare sara sam, an riske ka an kashe ka. Ni a wurina shi ne ainihin wasan.

Tabon talauci a fili yake, kuma ba zan daɗe a kansa ba. An gina wasan a kan Unreal Engine 3, injin ƙera wasanni da ya riga ya tsufa a lokacin. Fuskokin mutane kamar na katako, baki na motsi dabam magana dabam, dogarai kusan duk kama ɗaya da murya ɗaya, wani ɓangare na labarin kuma da zanen hoto tsayayye ake ba da shi. Araha ba ta ado, kuma wanda ya biya rabin kuɗi ya san da haka tun a shago.

Maimaita wurare ya fi wannan ciwo. Da ka wuce tsakiyar wasan, sai a juyo da kai ka sake ratsa yawancin wuraren da ka riga ka wuce, ta baya, an sauya masu gadi an ƙara musu ƙarfi. Ana iya kare wannan, domin wurin da ka sani kamar tafin hannunka yana da nasa daɗin, kuma wasu ramukan sai a dawowa za ka lura da su. Amma daɗin wasan nan tun farko shi ne gano hanya, kuma hanyar da aka gano an gano ta. Da sun yanke tsawon wasan, da ya fi. Sun ji tsoron a ce ya yi gajarta, sai suka tsinka kunun da ruwa.

Laifin da ba na yafewa shi ne na kama bakin bango. Wasan da gaba ɗayansa hawa ne da sauka, a ce ba ka da tabbacin ko Styx zai kama gefen katanga ko zai zarce? Ka yi minti goma kana laɓe a kan azara, ka haddace zagayen masu gadi uku, ka zo sauka a hankali ka rataya a bakin bene, sai ya sulale ya faɗa rami. Wani lokacin kuma kana so ya tsaya a rataye, sai ya haye sama ya tsaya ƙiƙam a gaban dogari. Sai jiran lodi, wanda a kan PlayStation 4 ba gajere ba ne. Masu gadin ma haka: yau wani ya hango ka daga ƙarshen zaure, gobe wani ya wuce ta gabanka bai gan ka ba, ko ya ga gawar abokinsa ya ɗan yi kewaye ya koma bakin aikinsa kamar ba a yi ba. Wasan sanɗa amana ce tsakanin mai bugawa da dokokin wasa. In an kama ni, ina so in san ni na yi ganganci. Da zarar mutum ya fara zargin hannun wasan da yake riƙe da shi, sai ya koma ajiye wasa bayan kowane taku biyu, tsoron da ke sa zuciya bugawa kuma ya koma ƙosawa. Wannan ba sai da miliyoyin daloli ake gyara shi ba, lokacin gwaji yake so, kuma su suka zaɓi su fitar da shi haka.

Da alama sun ji kukan. Styx: Shards of Darkness da ya biyo baya a watan Maris na 2017 ya koma kan Unreal Engine 4, hawa da sauka sun fi santsi, an ƙara damar mutum biyu su buga tare, an kuma kawo wasu gajerun maƙiya da ke gano Styx ta hanyar sansana. Samun na biyun ma shaida ce cewa na farkon ya samu jama'arsa, musamman bayan da aka ba masu rajistar PlayStation Plus shi a watan Yulin 2015.

A gidajen gem na Kano ko Kaduna, inda ake biya a buga ƙwallo a tashi wani ya zauna, Styx ba zai yi kasuwa ba, don ba wanda zai biya kuɗi ya kalli dodo a tsugune ƙarƙashin tebur yana jiran dogari ya juya baya. Wasan mai na'urarsa a ɗaki ne, mai haƙuri, kuma tsohuwar kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi tana ɗaukarsa. Wanda ke son hoto mai kyau da hannu mai biyayya ya fara da na 2017. Wanda kuma ginin wuri ya fi damunsa ya nemi na 2014 lokacin da aka karya farashinsa a Steam, shagon sayar da wasanni na intanet, ya sa shi a matakin Goblin, ya riƙa ajiye wasa kafin kowane dogon tsalle.