Ku daina aron bakin masu sharhi

Ƙannena, akwai wata ɗabi'a taku da ke ci min tuwo a ƙwarya. Kwanaki ina zaune kusa da ƙanina yana kallon Avatar: The Last Airbender a waya, zanen nan da tashar Nickelodeon ta Amurka ta nuna daga 2005 zuwa 2008. Da ya iso kashi na 11, mai suna The Great Divide, sai na ga ya sa yatsa ya tsallake. Na ce, "Kai, lafiya?" Ya ce, "Yaya, ai an ce shi ne mafi muni." Ko minti ɗaya bai kalla ba.

Gaskiya ne kashin ya sha suka. Masu sharhi sun ce cikon benci ne, bai ƙara wa labarin komai ba. Har masu shirin da kansu sun yi masa ba'a a wani kashi na 2008. Ni ma ban ce ya fi sauran ba.

Amma ku ji abin da ke ciki. Ƙabilu biyu, Gan Jin masu tsafta da Zhang masu ƙazanta, sun shekara 100 suna gaba, ga shi dole su ratsa wani ƙaton kwazazzabo tare. Jagora ya gargaɗe su kada kowa ya shiga da abinci, don ƙamshinsa na jawo miyagun halittu. Duka biyun suka ɓoye guzuri cikin tufafi, kowane ɓangare na cewa ai waɗancan ma sun ɓoye, don me mu za mu kwana da yunwa? Haka suka jawo wa kansu bala'i. Wallahi na sha ganin irin wannan zargin ya raba zumunci a kan gado.

Sai babban abin da aka fi suka: yaron nan Aang, jarumin zanen, ya ƙirƙiro labari cewa kakannin ƙabilun biyu da ake rigima a kansu tagwaye ne 'yan shekara 8, wasa kawai suke yi. Aka sasanta, daga baya ya faɗa wa abokansa ƙarya ya yi. Masu sharhi suka ce wannan ba halinsa ba ne. To ku da kuka yi Islamiyya, kun manta hadisin Ummu Kulsum 'yar Uƙba, cewa mai sulhunta mutane ba maƙaryaci ba ne? Kuna da ma'aunin da za ku auna wannan da shi, ku duba ko abin da Aang ya yi ya shiga ciki ko ya zarce iyaka. Me ya sa za ku ajiye naku ku ari na wani?

Na sa ƙanin nawa ya koma baya, muka kalla tare. Da aka gama ya ce har yanzu bai burge shi ba, domin sulhun ya zo da sauri fiye da yadda gabar shekara 100 za ta mutu. Muka yi ta musu a kai har aka kira Magariba.