Wutar da muke kwana da ita a bango

Assalamu alaikum wa rahmatullah, ƴan uwa maza da mata.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa al-Ash'ari, Allah ya ƙara masa yarda, cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina. Da aka ba Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, labari sai ya ce: "Lallai wannan wuta maƙiyiyarku ce, idan za ku yi barci ku kashe ta." Tasu wutar ana ganinta da ido, a hure ta a kwanta. Tamu a Maradi tana cikin bango, bayan gado ko bayan firigo, ba ma tuna ta sai ranar da ta yi magana.

Maigida, don Allah tashi ka leƙa priz ɗin ɗakinka, wato soket. In bakin ramukan ya yi baƙi, ko robar ta fara narkewa, ko kana jin ɗan ƙauri da ƙarar tartsatsi in an soka abu, to ya gama aiki. Haka wanda sai an tokare caja da takalmi kafin ta kama. A cikinsa akwai ƴan ƙarafa da ke damƙe ƙafafun abin da ka soka. In suka saki, ko sukurun da ke riƙe waya ya kwance, kuran, wato wutar lantarki, zai riƙa matsewa ta ɗan ƙaramin wuri, wurin ya yi zafi, zafin ya ƙara sakar da ƙarfen, har roba ta kama. Abin tsoron shi ne dijonkta, makunnin da ke jikin konta mai yanke kuran da kansa, yawanci ba ya faɗuwa kan wannan. Shi yana gadin nauyi ne in ya wuce kima, ko wayoyi in sun haɗe. Nan kuwa nauyi daidai yake, wuri guda ne ke dahuwa a ɓoye.

Kuran da NIGELEC ke kawowa volt 220 ne. Priz na ƙwarai mai amfa 16 iyakarsa wajen wat 3500, ralonj, wato wayar ƙari mai ramuka da yawa, ta araha mai siririyar waya kuwa ba ta ko kusa. Amma a Afrilu da Mayu, lokacin da gari ke tafasa, sai ka iske ralonj guda ɗauke da firigon ƙanƙara, fanka, talabijin, ga uwargida ta ƙara dutsen guga, an kuma shimfiɗa tabarma a kan wayar don kada yara su yi tuntuɓe.

Ga kuma tamu ta bakin iyaka. Kayan da ke shigowa daga Katsina da Jibiya ta Ɗan Isa da yawansu ƙafa uku ne masu faɗi, bangonmu kuwa rami biyu ne zagayayyu. Maimakon a sauya kan, sai a datse shi, a fere waya, a cusa tsirararta a rami, a danne da tsinken ashana. A ɗakin da yaro ke rarrafe!

In ka yi magana sai a ce maka Allah ya kiyaye. Amin, shi ne mai kiyayewa. Amma wanda ya tambayi Annabi ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya dogara ga Allah. Kuma gobara ba ta san katanga ba. In ta tashi a ɗakinka ta ci na maƙwabci, me za ka ce da hadisin "ba cuta, ba cutarwa"? A gidajen haya abin ya fi muni: Alhaji mai gida na cewa ɗan haya ya lalata, ɗan haya na cewa haka ya tarar, wata na bin wata priz na nan baƙi ƙirin. A ganina wanda ke kwana a ɗakin ya fara gyarawa, lissafi ya biyo baya.

Kai ma malam mai gyara, ka ji tsoron Allah. Wayar priz mai milimita 2.5 ce. Kada ka karɓi kuɗinta ka binne mai 1.5 a bango don mai gida ba ya gani. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu.

Wajen sauyawa, wanda bai iya ba ya kira wanda ya iya. A kashe daga konta, ba daga makunnin fitila ba, a taɓa da testa a tabbatar. Kada wani ya ce ai an ɗauke kuran, bari in yi sauri. Ba sallama yake yi in zai dawo. A yanke ƙonannen bakin wayar har a kai jan ƙarfe mai haske, a ɗaure sukurori tam, in akwai wayar ƙasa mai kore da rawaya a mayar da ita mazauninta. Sabon priz a kan ƙonanniyar waya baƙi zai sake yi.

In kuwa, Allah ya tsare, ta riga ta kama, kada a watsa ruwa alhali kuran na ciki. A kashe konta tukuna, a fitar da yara da tsofaffi, a zuba rairayi, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18.